RA'AYI: Tsofaffin motoci masu ƙofa biyu da darasin gyara kayanka

Duk wanda ya san harabar ajiye motoci ta Sakatariyar Gwamnatin Tarayya ko ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa ya san irin motar da Abuja ke girmamawa: doguwa, baƙa, mai duhun gilashi, wadda tsayinta kaɗai ke sa mai gadi ya miƙe tsaye. A irin wannan gari, mutumin da ya riƙe tsohuwar mota mai ƙofa biyu, 'yar shekara 25 ko 30, yana kashe mata kuɗi da lokaci, ɗayan kallo biyu ake yi masa: ko dai wanda abin hannunsa ya ƙare, ko wanda ƙuruciya ta ƙi sakinsa. Duka biyun ba a yi masa adalci ba. Ra'ayina shi ne riƙon irin wannan mota sha'awa ce mai mutunci, kuma tana koya wa mai ita abin da aikin gwamnati a ƙasar nan ya fi ƙishirwarsa, wato kula da abin da ke hannu tun kafin ya lalace. Sai dai sha'awa ce mai sharuɗɗa, kuma wanda ya tsallake su zai sha wuya, iyalinsa ma su sha.

Motocin da nake nufi su ne waɗanda aka ƙera domin daɗin tuƙi kafin a yi maganar ɗaukar kaya ko yawan fasinja: ƙofa biyu, rufi mai gangarowa ta baya, kujera ƙasa-ƙasa, da inji wanda sau da yawa ya ɗara na 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu ƙarfi. Tarihinsu bai yi nisa da namu ba. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, ƙirar 504 ta zama tambarin ma'aikacin gwamnati, daga babban sakatare har zuwa direban ofis. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu, wadda kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, aka baje ta a Geneva a 1969, aka ci gaba da ƙera ta har 1983. Ita ce, da injinta mai silinda shida, Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, a kan hanyoyin da ba su fi na ƙauyukanmu kyau ba. Daga baya Pininfarina ya sake zana 406 mai ƙofa biyu, ya kuma haɗa ta a Italiya tsakanin 1997 da 2004.

Haka labarin yake a sauran gidaje. Marsandin nan da ake kira V-boot tana da mai ƙofa biyu, irin su 230CE da 300CE, da aka ƙera daga 1987 zuwa 1996, wadda ba ta da ginshiƙi tsakanin tagar gaba da ta baya, ta yadda in aka sauke gilasan duka sai gefenta ya buɗe fayau. BMW ta yi E36 da E46 masu ƙofa biyu daga 1992 zuwa 2006. Daga Japan akwai Honda Prelude, 1978 zuwa 2001, wadda a 1987 ta zo da tsarin da tayoyin baya ke taya na gaba juyawa, da Toyota Celica, 1970 zuwa 2006, wadda Carlos Sainz ya ci kambun duniya na tseren daji da ita a 1990 da 1992. Duk waɗannan sun shigo Najeriya, wasu sababbi, mafi yawa 'yan Beljiyam. Yau kuwa in ana son ganinsu sai a leƙa ƙauyen makanikai na Apo, inda wasunsu ke kwance, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe su, suna jiran 'yan gwangwan su zo su auna su a sikeli.

Asarar ta fi yadda ake zato, domin waɗanda ke cikin ƙasa su ne iyakar rabonmu. Dokar kwastam ta ƙayyade shekarun motar da za a iya shigowa da ita, kuma duk motar da na ambata ta wuce wannan iyaka. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kafar da yawancin 'yan Kwatano ke bi. Saboda haka duk 300CE ko Prelude ɗin da aka yanka aka sayar da ƙarfenta, babu wata da za ta zo ta halastacciyar hanya ta maye gurbinta. Ga shi kuma Abuja wuri ne da tsohuwar mota za ta iya daɗewa: babu iskar teku mai gishiri irin ta Legas, babu gishirin da ake watsa wa titunan Turai lokacin ƙanƙara, wanda ke cinye ƙarƙashin mota da tsatsa. Abin da ke kashe su a nan hannun mutum ne.

Yadda muke kashe mota da hannunmu

Mu fara da zafin inji, domin shi ne ajalin mafi yawansu. Al'ada ce da ta bi garejinmu: mota na sauka sai a cire mata tamostat, wato ɗan murfin da ke tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa, a haɗa fanka kai-tsaye, a cika lagireto da ruwan famfo, a ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Alhali injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, ruwan famfo kuma yana haifar da tsatsa da dattin da ke toshe hanyoyin ruwa sannu a hankali. Ruwan sanyaya inji na gaskiya yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa kamar ruwa zalla. A BMW E36 da E46, inda wasu sassan hanyar ruwa na roba ne mai tsufa ya tsage, mai hankali yakan sauya su tun suna aiki. Cunkoson Nyanya da Mararaba ba wurin gwajin tsohuwar roba ba ne.

Na biyu shi ne taimin bel. A Prelude da 406, wannan bel ɗin shi ne ke daidaita motsin bawul da fistin. In ya tsinke inji na gudu, sai su yi karo, gyaran da zai ci kuɗi kaɗan ya koma na sauke inji. Bel ba ya yin gargaɗi, kuma shekaru na cinsa ko da motar tana ajiye, don haka ake sauya shi bisa adadin kilomita ko shekarun da kamfani ya ƙayyade, duk wanda ya riga zuwa. Na uku wayoyi. Marsandin farkon shekarun 1990 an san su da rigar waya mai marmashewa saboda zafi, har wayoyi su taɓa juna su ƙona kwamfutar inji. Maganinsa a sauya damin wayoyin baki ɗaya. Rewayan da ya ce zai yi ta liƙe su da salatif, ranar wuya kawai yake ɗagawa.

Sai ƙananan abubuwan da ba a ɗauka da muhimmanci. Man birki yana zuƙar damshi daga iska, shi ya sa ake sauya shi duk shekara biyu, ko da bai ragu ba. Taya tana da ranar haihuwa a jikinta, lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 ke nufin mako na 23 na 2019. Motar da ba a yawan hawa tayarta kan mutu da tsufa alhali zanenta na nan daram. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, rana tana fasa dashbod da fatar kujera, don haka rumfa ko mayafi ba ado ba ne. Na'urar sanyaya ɗaki ta motocin da aka ƙera kafin wajen 1994 tana amfani da iskar R12, wadda aka daina bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, kuma mayar da ita R134a yana buƙatar sauya mai da robobin haɗi. Ga kuma abin da ba laifin mai mota ba: waɗanda ke Abuja a watan Fabrairun 2022 ba su manta da fetur mai yawan methanol da ya shigo ƙasa ba. Tsohon tiyo da tsohon famfon mai su ne suka fi jin jiki a irin wannan hali.

Mai karatu zai lura cewa babu ko ɗaya a cikin waɗannan da ke buƙatar baiwa ta musamman. Abu uku kawai suke nema: jadawali, rubutu, da kuɗin da aka ware tun kafin buƙata ta taso. Wanda ya riƙe irin wannan mota shekara biyar tana lafiya, za a same shi da littafi ko fayil: ranar da aka yi juye, kilomita nawa, wane mai aka zuba, wane makanike ya yi, nawa aka biya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma tsohuwar mota ba ta yafe wa wanda ya manta da haka.

A nan ne maganar ta shafi ofis. Tun bayan tsarin mayar da alawus-alawus kuɗi da gwamnatin Obasanjo ta fara a 2003, ma'aikata da yawa suka koma hawa motocin kansu, amma ɗabi'armu game da kayan hukuma ba ta sauya ba. Kowa ya san motocin da ke jibge a bayan ma'aikatu, waɗanda ƙaramar matsala ta ajiye su har suka zama gidan ɓera. Kowa ya san janareta da lif da na'urar sanyaya ɗaki da ake bari su mutu, domin sayen sabo ya fi gyaran tsoho farin jini wurin rubuta kasafi. Jami'in da ya taɓa ganin yadda bel ɗin 'yan dubbai ya ceci injin miliyoyi a gidansa, da wuya ya ɗauki layin gyare-gyare a kasafi a matsayin wurin yanka na farko. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma ɗabi'a ce da ake koyo da hannu, ba a taron bita ba.

Hujjojin masu suka

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko kuɗi. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma, a watan Oktoban 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a Abuja. Dala da ake canzawa wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma kusan duk kayan gyaran waɗannan motoci daga waje suke zuwa. A yi lissafi mai sauƙi: a ce inji mai silinda shida yana shan lita 12 a kilomita 100, mai shi kuma yana yin kilomita 50 a rana zuwa ofis da dawowa. Lita 6 ke nan a rana, 132 a kwana 22 na aiki. In an ɗauki lita a naira 1,000, naira 132,000 ke nan a wata, kusan ninki biyu na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024. Amsar wannan hujja ita ce a yarda da ita. Irin wannan mota ba ta zuwa aiki kullum ba ce. In ta ƙarshen mako ce, kilomita 100 a mako, lita 48 ce a wata. Wanda wannan ma zai taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa ko cefanen gida, to lokacinsa bai yi ba, kuma babu abin kunya a jira.

Ta biyu iyali. Mota mai ƙofa biyu ba ta ɗaukar uwargida da yara biyar zuwa gida hutun salla, kuma duk wanda ya taɓa ganin dattijo yana sunkuyawa zai shiga kujerar baya ya san ba motar girmama surukai ba ce. Wannan ma gaskiya ne. Ta zama ta biyu a gida, bayan an sauke haƙƙin ta farko, kuma da sanin mai ɗakin mutum. Sha'awar da ake ɓoye wa iyali kuɗinta ta riga ta zama matsala.

Ta uku kariya. Motar 1988 ba ta da abin da motar yau ke da shi: wasu babu jakar iska, wasu babu birkin da ke hana taya kullewa, kusan dukansu babu na'urar da ke daidaita mota in ta fara zamewa. Babu gyaran da zai mayar da ita ta zamani. Abin da ke hannun mai ita shi ne birki mai kyau, sabuwar taya, shokazoba mai rai, bel ɗin kujera mai kamawa, da kuma haƙuri. A kuma guji wadda aka sauya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, ƙa'idojin hanya ba su amince da mota mai sitiyari a dama ba, kuma yawancin waɗanda aka juya wa sitiyari an yi aikin ne da walda da yanke-yanke a wurin da rai ya dogara da shi. Araha ba ta ado.

Akwai sharaɗi na huɗu wanda ya keɓanta da masu karanta wannan shafi. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa jami'in gwamnati bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma mota kadara ce komai tsufanta. Ya hana shi karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya bari a bakin aikinsa, kuma tsohuwar Marsandi daga hannun ɗan kwangila kyauta ce ko da an kira ta kwantai. Ya kuma hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, in ban da noma. Saboda haka wanda ya fara saye yana gyarawa yana sayarwa a kai a kai, ya san ya fita daga sha'awa ya shiga dillanci. Takardar kwastam ta asali, lambar shasi da ta dace da takardu, shaidar sauya mallaka, da inshora, wadda mafi ƙarancinta ya koma naira 15,000 tun Janairun 2023, duk a kammala su kafin a yi maganar fenti.

Ina daɗin yake?

Bahaushe ba baƙon irin wannan sha'awa ba ne. Wanda ya ɗaure doki a gida a wannan zamani ba don ya rasa abin hawa ya ɗaure shi ba. Yana sayen harawa da dusa da kanwa, yana biyan mai kula da barga, yana duba kofato, duk domin hawan 'yan kwanaki a shekara da kilisar yamma, kuma ba wanda ke ce masa mahaukaci. Daɗin tsohuwar mota mai ƙofa biyu daga wannan gida yake. Sitiyarinta yana gaya wa hannu abin da taya ke takawa. Giyarta tana buƙatar a saurari inji kafin a sauya. Gilasanta faɗi ne, ginshiƙanta sirara, mutum yana ganin hanya da idonsa ba ta allo ba. Safiyar Asabar a kan titin filin jirgin sama, ko hanyar Kubwa zuwa gindin Dutsen Zuma kafin gari ya cika, ta isa ta wanke gajiyar mako guda na fayil da taro.

Wannan daɗi ba ya buƙatar gudu. Ƙa'idar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 100 a sa'a a babban titi mai hannu biyu, 50 a cikin gari, kuma tsohuwar mota tana ba da duk abin da take da shi a cikin wannan iyaka. Samarin da ke wasan ganganci da motoci a titunan tsakiyar birni da wuraren biki, suna ƙona taya suna jefa rayukan 'yan kallo cikin haɗari, ba 'yan wannan sahu ba ne. Wanda ya san wahalar neman fitilar baya ta 406 mai ƙofa biyu, wadda jikinta bai yi tarayya da na mai ƙofa huɗu ba ko da inji ɗaya ne, ba zai juya ta a kan kwalta don a tafa masa ba.

Abin da ya rage a yi

Abu biyu nake ganin sun cancanci kulawa. Na farko makanikai. Dattawan da suka san kafireto da tsohon tsarin injekta ta hanyar sauraro da taɓawa suna ƙarewa, yaran da ke tasowa kuma sun fi sanin na'urar da ake soka wa mota ta faɗi ciwonta. Mai tsohuwar mota da ya samu ƙwararre ya riƙe shi da kyau: ya biya shi haƙƙin iliminsa ba tare da ja-in-ja ba, ya kawo masa littafin gyara na kamfani, ya ƙarfafa masa ya koyar da yaransa. Masu irin mota ɗaya kuma su san juna, domin abin da ya gagara a Apo ana iya samunsa a Ladipo ta Legas, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma oda ɗaya ta mutum biyar ta fi biyar ta mutum ɗaya-ɗaya sauƙi.

Na biyu hukuma. Jamus tana da lamba ta musamman mai harafin H tun 1997, wadda ake bai wa motar da ta kai shekara 30 matuƙar an tabbatar tana cikin kyakkyawan yanayi kuma ba a ɓata asalinta ba. Birtaniya tana ɗauke harajin hanya ga motar da ta haura shekara 40. Babu abin da zai hana Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Babban Birnin Tarayya su duba irin wannan rajista, bisa sharaɗin bincike mai tsauri. Amfaninta a bayyane yake: za ta raba tsohuwar motar da ake kula da ita da akwalar da ke barazana ga jama'a, ta kuma bai wa mai ita dalilin zuwa bincike da ƙafarsa. Da yawa daga cikin waɗanda za su iya rubuta takardar farko ta wannan shawara suna cikin masu karanta wannan shafi.

Ba kowa ne zai so mota mai ƙofa biyu ba, kuma ba kowa ne ya kamata ya saya ba. Amma garin da ke auna mutum da sabuntar abin hawansa yana buƙatar 'yan tsirarun da za su nuna cewa abu na iya kai shekara 30 yana aiki lafiya, in an ba shi haƙƙinsa a kan lokaci. Da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ke da hali, ya cika sharuɗɗan, ya ceto ɗaya daga hannun 'yan gwangwan, sannan ya tafi ofis ranar Litinin da ɗabi'ar da ta koya masa.